Wa zai fassara mini "organometallic" kafin gobe?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa taƙaitaccen bayanin wani kundin digiri da Hausa, kan haɗa sinadaran silikon da fosfaras da tantance su. Synthesis na sa "haɗawa", characterization "tantance siffa". Organometallic ce ta cije.

Malamar Kemistiri: Wa alaikumus salam. "Mai haɗin kabon da ƙarfe." Sharaɗin ke nan, kabon ya kama ƙarfen kai tsaye, kamar na zinki da masanin kemistiri Frankland ya haɗa a 1849.

Ɗan Maraɗi: "Ƙarfe mai rai" ya fi daɗin baki.

Malamar Kemistiri: Ina ran yake, ƙanina? Kabon ake nufi. Matsalarka ma ba nan take ba, Mai Fassara. Silikon rabi ƙarfe ne rabi ba ƙarfe ba, fosfaras kuwa ko kusa. Al'adar masu fannin ce ta cusa su gida ɗaya. Bahaushe ya ji "ƙarfe", maƙera zai tuna.

Baba Alaramma: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Kabon, silikon, fosfaras, ina Hausar? Ku ce gawayi, ku ce ɗan yashi, tunda daga yashi ake fitar da shi. Fosfaras kuma Gamzaki. Ai fosfaras sunan da Girkawa suka ba tauraron asuba ne, wato mai ɗauke da haske. Shekara nawa ina faɗa!

Ɗan Maraɗi: Baba, abin da Hennig Brand ya tace daga fitsari a Hamburg a 1669 za ka kira Gamzaki?

Baba Alaramma: Su da suka raɗa sunan ba su ji kunya ba sai kai? Ku da Faransanci ya cinye.

Ɗan Maraɗi: Allah ya huci zuciyarka. Amma manomin da ke sayen NPK ba zai nemi takin Gamzaki ba.

Malamar Kemistiri: Turawan ma sun yi tuntuɓe. Masanin kemistiri Kipping ya kira wasu sinadaran silikon "silicone" don ya kwatanta su da ketone, wani rukunin sinadaran kabon, alhali ba danginsa ba ne, sunan kuma ya zauna daram.

Mai Fassara: Dare na yi. Na rubuta "sinadarai masu haɗin kabon da silikon ko fosfaras", na kauce wa ƙarfen baki ɗaya.

Malamar Kemistiri: Ka tsira yau. Ranar da sinadaran Grignard masu haɗin kabon da ƙarfen magneziyam suka zo, dole ka dawo.

Baba Alaramma: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Ka sa Gamzaki ko a ƙasan shafi ne.