Ta yaya Hero ta yarda ta koma wa Claudio?

Ɗalibar aji biyu:
Assalamu alaikum. An ba mu wasan kwaikwayon Shakespeare na ban dariya, Much Ado About Nothing, a wannan zangon. Zolayar Beatrice da Benedick ta shiga raina, kullum cikin gugar zana kamar taubasai. Amma daren jiya da na kai wurin ɗaurin auren Hero, sai na kife littafin a kan tabarma. Claudio, angon nata, ya tsaya a coci, gaban jama'a, ya yi mata ƙazafi, har mahaifinta Leonato ya ce gara ta mutu. Yau da safe na ƙarasa, ashe shi ɗin ta aura! Don Allah ina abin dariya a nan? Jarrabawa saura mako uku.

Tsohon malamin adabi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Fara da sunan wasan. Wajen 1598 da aka rubuta shi, kalmarsa ta ƙarshe, Nothing, ana furta ta kusan daidai da noting, wadda ke nufin lura da kasa kunne. Kowa a Messina, garin da labarin ya faru, laɓe yake yi. Benedick ya ɓuya a lambu, abokansa sun san yana nan, suka ɗaga murya wai Beatrice na mutuwar sonsa, ya haɗiye. Ita ma haka aka yi mata. Claudio kuwa Don John, mugun da ke cikin wasan, ne ya ja shi da dare, ya hango Margaret, mai yi wa Hero hidima, a taga sanye da kayan Hero tana hira da Borachio, yaron Don John, ya ɗauka Hero ce. Ko asirin ma ta laɓe ya tonu: Borachio ya sha ya yi tatil yana ba da labari, 'yan sintirin gari da ke ƙarƙashin Dogberry suka ji.

Uwar biyu:
Malam, a gafarce ni, ba a taɓa inda ke mata ƙaiƙayi ba. Ƙanwata, ɓacin ranki daidai ne. Koma kashi na huɗu. Benedick na gama furta yana sonta, ya ce ta nemi duk abin da take so, Beatrice ta ce ya kashe Claudio. Ta so a ce ita namiji ce, don ba ta da hanyar ƙwato wa 'yar'uwarta Hero mutunci. Ni shekara goma da karanta shi, har yau ban yafe wa Claudio ba.

Ɗalibar aji biyu:
Na gode Malam, na gode Yaya. A kan wannan wurin zan rubuta. Zan ƙirga maganganun Hero a cocin tukuna, don na ga kamar ba a bar ta ta ce komai ba.