Karayar idon sawu: me radiyo ta nuna muku?

Maman Nana, Bukoki: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena ya faɗi da babur, idon sawunsa na dama ya karye. An yi radiyo, wato hoton ƙashi, likita ya ce ƙashin ya goce, sai an yi aiki. Tsofaffinmu kuma sun dage a kai shi wurin maɗori. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya mana abin da ya gani.

Ɗan Adar: Yaya, Allah ya ba shi lafiya. Ni a Tawa na karye wurin ƙwallo. Hoto uku aka yi mini: ta gaba, ta gefe, da wanda ake karkata ƙafa ciki kaɗan don a ga gaɓar a buɗe. Nawa bai goce ba, filasta aka sa. Daga baya aka sake hoto ina tsaye kan ƙafar, domin wani ƙashin sai nauyi ya hau kansa yake motsawa.

Inna Hajiya: Ɗiyata, kada ku yi wasa. Maigidana ɗori aka yi masa, ƙashi kuwa ya kama, amma a karkace. Yau ko masallacin unguwa da sanda yake zuwa, ƙafar tana kumbura kowace yamma. Maɗorin mutumin kirki ne, ya gyara hannuwa da yawa. Hannunsa ne bai iya jin abin da ke cikin gaɓa.

Mai ɗaukar radiyo, Yamai: Inna ta faɗi gaskiya. Abin da muke aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin ƙashin idon sawu na ciki da ƙashin da ƙwauri ke zaune kansa. In ta wuce milimita 4 zuwa 5, gaɓar ta saki ke nan. Binciken Ramsey da Hamilton na 1976 ya nuna gocewar milimita 1 kacal tana rage wurin da ƙasusuwan ke haɗuwa da kashi 42 cikin ɗari. Nauyin jiki duka sai ya taru a ɗan wuri, guringuntsi ya cinye. Kuma in akwai ciwo kusa da gwiwa ku faɗa, a ɗauki ƙwaurin har sama, saboda wani lokaci siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri can sama yake karyewa.

Baban Sadiƙu: Ni radiyo ba ta nuna komai sosai ba, sai da aka yi sikana, wato hoton da ke nuna ƙashi yanki-yanki, aka ga ɓallin ƙashi ta baya. Da tsada, wallahi, sai da dangi suka haɗa. Ku riƙe hotunan duka, kada a naɗe su ko a bar su a rana.

Maman Nana, Bukoki: Na gode ƙwarai. Na karanta wa Baba maganar Inna, ya amince. Likita ya ce a jira kumburi ya sauka kafin aikin, yanzu ƙafar tana ɗage kan matashi.