Ta yaya zan auna abin da gidajen Maigatari ke samu daga 2015 zuwa yau?

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne, ina rubutun kammala digiri na biyu, kuma ɗan ƙaramar hukumar Maigatari ne a Jigawa. So nake na gano nawa gida mai tsaka-tsakin hali yake samu a shekara a ƙauyukanmu, kuma gaba aka ci ko baya daga 2015 zuwa yau. Na duba rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, jiha kawai nake gani. Abin yana damu na, don ina ganin halin mutanenmu da idona amma ba ni da adadin da zan nuna. Ta ina zan fara?

Wata malamar ƙididdiga: Wa alaikumus salam, ɗana. Binciken yanayin rayuwar gidaje da hukumar ta yi a 2018/19 an tsara shi ne ya ba da hoton jiha, shi ya sa. Shi ne ya ce kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ƙasa da naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, Jigawa kuwa kusan kashi 87. Ka lura, abin da gida ya ci ya kashe aka auna, ba abin da ya samu ba. Kai ma haka za ka yi, kuma dole ka fita da ƙafarka.

Sai maganar tsakiya. Kada ka tara kuɗin kowa ka raba da yawan gidaje. A ce manoma tara kowa yana samun dubu ɗari biyar, sai dillalin shanu ɗaya mai miliyan ashirin. In ka tara ka raba, kowa ya tashi da kusan miliyan biyu da rabi, alhali babu mai ita cikin taran nan. Jera su za ka yi daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki wanda ya faɗo tsakiya.

Wani tsohon malamin gona: Ƙanena, kada ka kuskura ka tambayi magidanci nawa yake samu. Mai tsoron haraji zai rage, mai sa ran tallafi ma zai rage. Tambaye shi dami nawa ya ɗaure na gero da dawa, buhun riɗi da wake nawa. Wannan ya san shi, don da shi yake fitar da zakka. Abin da aka ci a gida ma samu ne, a ƙiyasta shi da farashin kasuwa.

Kuma ka fara sanin mene ne gida. Ƙofa ɗaya tana iya ɗauke da tukunya uku. Masu ci daga tukunya ɗaya su ne gida ɗaya. Inda ake gandu, ka tambayi gayauna, wato gonar da mutum ke noma wa kansa, daban, in ba haka ba za ka bar rabin abin a waje. Sannan kuɗin 'yan ci-rani da ke Legas da Kano, da ɗan akuyar da aka sayar a bazara.

Wata Hajiya: Malam ya manta mu. Ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, awara, kiwon kaji, adashe, maigida bai san lissafinsu ba, kuma kai ba za a bar ka ka shiga ba. Nemi mace ta yi maka wannan ɓangaren, ɗana.

Wani ɗan'uwa mazaunin Amurka: A nan hukumar ƙidaya tana fitar da wannan adadi ga kowace gunduma duk shekara, tana haɗa binciken gidaje da bayanan haraji. Duk da haka, inda mutane ba su kai 65,000 ba, shekara biyar suke haɗawa a babban bincikensu kafin adadin ya zauna. To kai da ƙidayarmu ta ƙarshe tun 2006, kada ka yi alkawarin adadin kowace shekara. Ɗauki zango uku, ka faɗi iyakar kuskurenka a fili.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Amma 2015 fa? Wa zai tuna abin da ya samu shekara goma baya? Ga darajar naira ita ma ta canja.

Malamar ƙididdiga: Kuɗi ba za su tuna ba, kada ka dogara da shi. Nemi bayanan binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi da Bankin Duniya, wanda ke komawa gidaje kusan 5,000 bayan shuka da bayan girbi. An yi a 2015/16, 2018/19 da 2023/24. Ba zai ba ka Maigatari ita kaɗai ba, amma zai nuna maka yadda karkarar Arewa maso Yamma ta motsa, ka gwada da naka.

Malamin gona: Hajiya Malama, a nan na ɗan saɓa miki. Dami suna tunawa, in an haɗa musu da abin da ya faru. Kada ka ce 2019, ka ce shekarar da aka rufe boda. Kada ka ce 2023, ka ce daminar da aka cire tallafin mai. Ku da kuke bakin iyaka da Nijar, rufewar nan daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 babu wanda ya manta ta. Batun naira kuma, mayar da komai tiyar gero: samun gidan nan tiya nawa zai saya a waccan shekarar, nawa yanzu. Je wurin tsofaffin 'yan hatsi ran kasuwa, wasu suna da littafin bashi na shekaru. Ka rubuta farashin kaka daban, na tsakiyar damina daban, don ba ɗaya ba ne.