Shekara 17 ina musu aiki, sun cinye min garatuti

Baban Ummi: Jama'a ku taya ni ji. Shekara 17 ina sito a wani kamfani a Sharaɗa. Ranar Litinin mai gadi ya tare ni a ƙofa, ya miƙo min takardar kora, wai katan biyu sun ɓata. Akanta ya ce garatutina ko sisi babu. Haƙƙina ne, wallahi ban yafe ba.

Tsohon Akawu: Allah ya kawo mafita, ɗan'uwa. Amma kar ka yi saurin cewa haƙƙi. Dokar Ƙwadago ba ta wajabta wa kamfani garatuti ba, sai in yana cikin takardar ɗaukarka aiki. Sallama daban, kora kan laifi daban.

Ɗan Ƙungiya: Baba, da girmanka? Gumin shekara 17 ne ba haƙƙi ba, kyauta ce?

Maman Hanif: Annabi (SAW) ya ce a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wace doka ce ta fi wannan?

Tsohon Akawu: Hajiya, wannan albashi ne, an kuma biya shi duk wata.

Ɗan Ƙungiya: Da ma ku akawuna bakinku ɗaya da masu gida.

Direban Tirela: Kai kuma ƙungiyarku me ta tsinana? Duk wata ana yankar mana kuɗinku, da aka kori yayana ko waya ba ku ɗaga ba.

Ɗan Ƙungiya: Yayanka ya taɓa zuwa taro?

Direban Tirela: Kar ka sake saka yayana a bakinka.

Malama: Baban Ummi, asusunka na fansho kora ba ta taɓa shi. Dokar fansho ta 2014 ta ce kai ka riƙa zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinka a asusun, kamfani ya zuba kashi 10. In ka yi wata huɗu ba aiki, kana iya cirar kashi 25 na abin da ke cikin asusun. Batun korar kuma, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano. Sun ba ka damar kare kanka?

Direban Tirela: Ina jiran amsarka, Ɗan Ƙungiya.

Mai Kula da Zaure: Na rufe nan. Kowa ya gani, garatuti haƙƙi ne, mutum ɗaya ne kawai ya tsaya wa kamfani. Baban Ummi, gobe ka zo ofishinmu na ƙungiya da takardar.