Yaya mai aikin kansa zai yi a san shi da sunansa?

Mai Zane, Gwallameji:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar aikin kai. Shekara uku ke nan ina zane da kwamfuta a nan Bauchi, tun ina ɗalibi a Foliteknik ta Tarayya, kuma ina yin katin gayyatar aure, da fosta, da tambarin shaguna, da duk abin da Allah ya kawo. Damuwata ita ce kusan duk aikin ta hannun masu ɗab'i yake zuwa mini: su karɓa, su turo mini, in zana, su buga, su miƙa wa mai shi da sunan shagonsu. A makon jiya na bi ta wani shagon atamfa kusa da kasuwar Wunti, na ga allon da na kwana biyu ina gyara haruffansa an kafa shi a saman ƙofa. Da na gaisa da mai shagon na yaba allon, sai ya ce wani kamfani ne ya yi masa, har ya kwatanta mini wurin. Ban ce masa komai ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Shin in ci gaba da sunana na yanka ne, ko in ƙirƙiri sunan kamfani? Kuma ta ina ake farawa idan mutum ba shi da kuɗin talla?

Tsohon Maɗaba'i, Kobi:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Na daɗe a harkar ɗab'i, kuma masu zane da yawa sun wuce ta gabana, don haka bari in fara da abin da ba ka tambaya ba. A cikin bayaninka ka ce kana yin "duk abin da Allah ya kawo", to a nan matsalar take. Mutane ba sa riƙe sunan wanda yake yin komai da komai. A kasuwar Muda Lawal, idan ka tambayi mai gyaran keken ɗinki, nan take za a nuna maka mutum ɗaya, domin da wannan aka san shi. Ka duba ayyukanka na shekara uku, ka ga wanne ne aka fi dawowa nema kuma hannunka ya fi faɗawa a kai. Idan allon shago da tambari ne, ka tsaya a kansu har a riƙa cewa "wane mai allon shago". Wannan bai hana ka karɓar katin biki domin cefane ba, sai dai ba shi za ka riƙa nunawa ba.

Game da suna kuwa, Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma ni na fi son ka riƙe naka. Dokar kamfanoni ta 2020 ba ta wajabta rajista a kan wanda yake sana'a da ainihin sunansa ba tare da ƙarin wata kalma ba, amma da zarar ka laƙaba wani suna daban, to sai ka yi masa rajista a hukumar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Amfanin rajistar yana fitowa ne ranar da wata ma'aikata ko ƙungiya ta ce ba za ta tura kuɗi asusun mutum ɗaya ba, sai na kasuwanci. Kafin ka kai nan, abin da ya fi muhimmanci shi ne suna guda, lamba guda, hoto guda a ko'ina. Na sha ganin yaro yana da suna ɗaya a Facebook, wani a WhatsApp, wani kuma a jikin rasidinsa, sannan yana mamakin yadda ba a gane shi.

Mai Fassara, Gombe:

Malam Mai Zane, ni fassara nake yi tsakanin Hausa da Turanci daga gida a Tumfure, kuma yawancin masu ba ni aiki ban taɓa ganin fuskarsu ba, saboda haka zan yi magana a kan ɓangaren intanet. Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, sai dai ina ƙara cewa aikin da ba a ajiye shi a inda za a gan shi ba, tamkar ba a yi shi ba ne. Yawancinmu muna dogara da sitatus na WhatsApp, alhali bayan awa 24 yake ɓacewa, kuma waɗanda suke da lambarka kawai ne suke gani. Ka koma WhatsApp Business, ka jera ayyukanka a kundin kayan da ke cikinsa, sannan ka buɗe shafi a Behance, wanda dandali ne na masu zane kuma kyauta ne. Kada ka zuba komai. Ayyuka 10 masu kyau sun fi 100 da aka tara barkatai. A ƙarƙashin kowanne ka rubuta layi biyu ko uku: me mai shagon ya nema, me ka ga ya dace, me ya sa ka zaɓi wannan launi. Kuma hoton allon a kafe a ƙofar shago, mutane suna wucewa, ya fi hoton zanen a fuskar kwamfuta tasiri nesa ba kusa ba.

Kada kuma ka gina sunanka a dandali ɗaya. Lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, na san masu sana'ar da hanyar cinikinsu ta toshe dare ɗaya. Haka Fiverr yake, wato dandalin da masu aikin kai suke samun aiki a intanet: yana kawo baƙi daga Amurka da Turai, amma yana cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin aikinka, kuma yabon da ka tara a can nasa ne, ba ka iya ɗauke shi ka kai wani wuri. Ni littafi nake da shi na takarda, mai ɗauke da sunan duk wanda na taɓa yi wa aiki, da ranar, da abin da ya ce bayan na miƙa.

Tsohon Maɗaba'i, Kobi:

'Yata, kin yi magana mai kyau, amma akwai inda ya kamata a yi hattara. Allon da yake magana a kai ta hannun mai ɗab'i ya zo, don haka mai shagon atamfar abokin cinikin mai ɗab'in ne. Idan ya ɗauki hoton ya baza ba tare da izini ba, ko ya zagaya ya nemi mai shagon kai tsaye, za a ce ya ci amana, kuma a garin nan irin wannan labari ya fi kowace talla saurin yawo. Hanyar ita ce ya zauna da mai ɗab'in, ya nemi yardarsa ya riƙa sa sunansa da lambarsa da ƙananan haruffa a gefen allo, ko da zai ɗan rage masa farashi a madadin haka. Da yawanmu za mu yarda, matuƙar mai zanen yana kawo aiki a kan lokaci, da launin da ya dace da injin bugawa, ba wanda zai fito ja a waya ya koma ruwan ƙasa a jikin allo ba.

Mai Zane, Gwallameji:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malama, Allah ya saka da alheri. Na duba ayyukana jiya da dare, kuma lallai allon shago da tambari ne suka fi yawa, su ne kuma na fi jin daɗin yi. Ranar Asabar in sha Allahu zan je wurin mai ɗab'in da maganar sa suna a gefen allo. Abin da ya rage mini shi ne tsofaffin ayyukan da aka riga aka kafa: idan shi ya ba ni izinin ɗaukar hotonsu, shin sai na sake neman izinin masu shagunan su ma, ko yardarsa ta wadatar?