Neman shawara: Kuɗi za mu damƙa musu a hannu, ko hatsi za mu sayo mu raba?

Ɗan Gumel:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata amana aka ɗora mini da ta hana ni barci. Mu goma sha huɗu ne 'yan ƙauye ɗaya daga ƙasar Gumel, muna neman abinci a Kano da Abuja da Legas. Bana mun haɗa naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, wani zakkarsa ya kawo, wani sadaka, domin gidaje goma sha biyu da suka fi kowa shiga matsi a garinmu. Ni aka ce in tsara rabon.

Abin da ya sa na rasa tudun dafawa shi ne abin da ya faru bara. A watan Yuli na aika wa ƙanin mahaifina dubu sittin ya sayi takin zamani. Da na je gida da kaka, na tarar ko ƙwaya ɗaya bai zuba ba. Rabin kuɗin gero ya auna, ya rage bashin mai shago, sauran ya kai jikarsa asibiti. Raina ya sosu, amma uba ne, ban iya buɗe baki ba. Da daddare muna zaune kan tabarma a ƙofar gida, shi da kansa ya ce, "Ɗana, taki sai bayan wata biyu yake magana, cikin yara kuwa yau yake magana."

Yanzu kanmu ya rabu. Wasu sun ce a sayo buhunan hatsi, wasu sun ce awaki, wasu sun ce a ba kowane gida dubu ɗari ya san inda yake masa ƙaiƙayi. Yaushe ya kamata a bayar? A hannun maigida ko uwargida? Wanda ya taɓa ganin irin wannan da idonsa, don Allah ya taimaka mini.

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kafin ka ce baffanka ya ɓarnatar da kuɗin, ka tambaye shi abu ɗaya: bara ya fita ƙwadago, ko a gonarsa ya tsaya?

Ga yadda talauci yake kama ƙaramin manomi. Rumbunsa yakan ƙare daidai faɗuwar damina. Ranar da ya kamata ya yi noman fari a gonarsa, sai ya ɗauki fartanya ya tafi gonar mai hali domin ya samo tiya ɗaya ta tuwon dare. Kafin ya waiwayi tasa, ciyawa ta shaƙe geron. Maimai ma ya zo a makare. Da kaka sai ya sami dami kaɗan, a cikin kaɗan ɗin kuma mai falle yana tsaye a bakin gona da buhunsa, tunda shi ya ba da kuɗi da tsakiyar damina a kan hatsin da ko kai bai fitar ba. Abin da ya rage a sayar da araha a biya bashi, a dawo a saye shi da tsada da bazara. Haka ake yi kowace shekara. Geron da baffanka ya auna, in har ya tsayar da shi a gonarsa mako uku, to ya yi aikin da buhun taki ba zai yi ba, domin takin da aka zuba a gonar da ba a nome ba ciyawa ce ke shanye shi.

Ni shawarata a raba kuɗin gida biyu. Kaso mafi tsoka a ƙarshen Mayu, kafin ruwan shuka, lokacin da ake neman iri da taki da kuɗin huɗa. Sauran a ƙarshen Yuli, gab da malka, lokacin da yunwa da zazzaɓin cizon sauro suke haɗuwa a gida ɗaya. Wanda ya sayi taki kaɗan kuma ku nuna masa kada ya watsa, ya riƙa sa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya a gindin kowace shuka. Manoman gero a Nijar sun daɗe suna haka, kuma yana biya.

Alhaji Mai Hatsi:
Ni kam ban goyi bayan kuɗi a hannu ba. Shekarata talatin ina harkar hatsi a Dawanau, na san ƙauye. Ranar da aka ji dubu ɗari ta shiga gidan wane, kafin la'asar masu bin bashi sun yi layi, 'yar uwa ta zo da maganar biki, maƙwabci ya zo da takardar magani. Talaka kuma bai iya cewa babu ba alhali an san akwai. Buhu yana cikin ɗaka, a hankali ake ɗiba. Da kun yi shawara da wuri, da kun saya tun da kaka kun ajiye, da kuɗin nan ya yi muku auki fiye da haka.

Maman Biyu:
Alhaji ya faɗi gaskiya kan masu bin bashi, amma maganin wannan sirri ne. Hatsi ma na sha ganin an raba shi da safe, da yamma yana kasuwa ana sayar da shi ƙasa da farashi, saboda mai gidan magani yake nema ba tuwo ba.

Yaya, a jiharku ta Jigawa ma an gwada abin nan. Shirin da ƙungiyoyin agaji na Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya a Buji, Gagarawa da Kirikasamma, da kuma Anka da Tsafe a Zamfara, ya riƙa ba mace mai ciki naira 3,500 duk wata, daga baya aka mai da shi 4,000, har sai yaron ya cika shekara biyu. A hannun matan aka riƙa sa kuɗin. Da aka bi diddigi, an ga yawancinsa abinci ya tafi, matan da yawa sun kama ƙananan sana'o'i sun sayi dabbobi, tsumburewar yara kuma ta ragu. Kuɗin ba su da yawa, amma ta san ranar zuwansu, shi ya sa take iya shiri.

Don haka ni na fi son a ba uwargida, musamman kason damina. Sai dai kada ku tsallake maigida. Ku zauna da shi tukuna, ku ce wannan na tukunya ne, na gona kuma ga shi a hannunka. In gidan mata biyu ne, ku raba a gaban juna. Na san gidan da tallafin da bai kai kuɗin ɗan akuya ba ya sa kishiyoyi suka yi wata shida ba sa ga-maciji.

'Yar Maraɗi:
Sannunku. A wajenmu gwamnati da Bankin Duniya sun yi shiri na ba mata jikka goma ta sefa, wato sefa dubu goma, kowane wata har wata 24. Daga baya wasu aka ƙara musu jikka tamanin a dunƙule, tare da horo da shiga asusu. Abin da na gani a wajen innata: kuɗin wata-wata ciki suke riƙewa, na dunƙule su ke zama jari. Ita jar akuya biyu ta saya, ta kama ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Amma abin da ya tsare mata kuɗin asusu ne, irin na Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maraɗi tun 1991. Duk mako tana zubi a akwati mai kwaɗo, in dangi sun zo roƙo sai ta ce kuɗi na asusu, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ɗan Gumel, in akwai adashi ko asusun mata a garinku, ku ƙarfafa su shiga. Awaki kuwa kada ku sayo musu. Wadda ba ta da harawa da dusa, akuya nauyi ce a kanta. Mai so ta je Maigatari ranar Alhamis ta zaɓa da kanta, a yi mata rigakafi.

Malam Na Tsangaya:
Allah ya saka muku da alheri. Ku ware zakka daban, sadaka daban. Zakka haƙƙin waɗanda Allah ya ambata ne a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma matalauta da mabarta suna ciki, saboda haka wanda ya biya bashi da ita bai yi laifi ba. Mallaka masa ake yi, ba a gindaya masa sharaɗin sai ya sayi kaza. Abin da ya shahara a wajen malamanmu na Malikiyya shi ne zakkar kuɗi kuɗi ake fitarwa, kuma in shekara ta cika ba a riƙe ta ana jiran wani lokaci. Kason da za ku jinkirta zuwa Yuli, ko ku sayi hatsi da shi, ya fito daga sadakar.

Ɗalibi Daga Zariya:
Ƙarin bayani kaɗan. A yankin Siaya na Kenya, ƙungiyar GiveDirectly ta ba gidaje sama da 10,000 kimanin dala 1,000 kowanne, babu sharaɗi. Masu bincike sun tarar farashin kaya bai tashi a zo a gani ba, kuma har waɗanda ba a ba su ba sun amfana, domin kuɗin a wajen mai shago da magini da mai injin niƙa na garin aka kashe su. Wani nazari na Bankin Duniya a 2014 kuma ya nuna irin wannan tallafi ba ya ƙara kashe kuɗi kan giya da taba. Amma dubu ɗari ba dala dubu ba ce. Za ta iya raba gida da falle na damina ɗaya, ba za ta kawo ruwan sama ba. Kada ku sa ran da zai sa ku ji haushinsu in shekara ta ƙi.

Ɗan Gumel:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malamin Gona, na kira baffa jiya bayan isha'i na yi masa tambayarka. Ya yi shiru, sannan ya ce bara ce damina ta farko cikin shekara biyar da bai ɗauki fartanya zuwa gonar wani ba, kuma bai ci falle ba. Na ji kunyar fushin da na yi.

Mun tsaya a kan haka: zakkar, dubu ɗari bakwai da ashirin, za a damƙa wa masu gida a makon nan, dubu sittin-sittin, zawarawa uku kuma a hannunsu. Sadakar, dubu arba'in-arba'in, sai ƙarshen Yuli a hannun matan. Babu taro, babu hoto, ni da liman za mu bi gida-gida da daddare. Alhaji, maganarka ma ba ta faɗi ƙasa ba: in Allah ya kai mu kaka za mu sayi gero mu ajiye saboda tsofaffi biyu da ba sa iya zuwa kasuwa. Zan neme ka a Dawanau ka nuna mini yadda ake adana shi kada ƙwari su taɓa.