Auren fiya: me za mu kira na ƙasa, me za mu kira na sama?

1/ Jama'a, kalmomi biyu nake so mu zauna a kansu mu tsayar. Duk mai koyar da noman fiya a ƙasa mai zafi sai ya ci karo da "rootstock" da "scion" na Turanci. Aikin da ke haɗa su yana da suna tun tuni: masu lambu aure suke cewa, kowa ya san mangwaro mai aure da lemo mai aure. Amma idan aka zo kan ɓangarorin biyu da ake aurawa, sai ka ji ana "na ƙasan" da "na saman", ana nuni da yatsa. A gaban bishiya nuni yana isa. A rediyo ko a takarda ba ya isa.

2/ Kafin wani ya tayar da maganar: fiya nake nufi, wadda wasu ke kira abokado. Sunan ya riga ya zauna a bakin mutane, ba shi muke nema ba yau.

3/ Ga abin da ya sa na damu. Idan ka shuka ƙwallon fiya, bishiyar da za ta fito ba za ta zama kwafin wadda ka ci ɗanta ba. Tana iya fin ta, tana iya zuwa da 'ya'ya masu zare da ruwa-ruwa, kuma sai ka jira shekara 5 zuwa 13 kafin ka san wadda ka samu. Mai aure kuwa cikin shekara 3 zuwa 4 take fara 'ya'ya, kuma irin da ka zaɓa shi za ka tsinka. Ana shuka ƙwallo a leda, idan tsiron ya kai kaurin fensir a yanke kansa a tsaga, a fiƙe ɗan reshe mai ido 2 ko 3 daga bishiyar da aka yarda da ita, a cusa a tsagar, a ɗaure da leda. Daga ranar nan bishiya ɗaya ce a ido, amma rai biyu ne a cikinta, kowanne da halinsa. Manomin da bai da sunan da zai raba su da shi, wata rana zai yanke wanda ya kamata ya bari, ya bar wanda ya kamata ya yanke.

4/ Shawarar da ta fi zuwa da sauri ita ce ango da amarya, tunda dai aure aka ce. Tana da daɗin faɗa, amma ban goyi bayanta ba, kuma ina so a saurari dalilina da kyau, domin nan ne gizo ke saƙar.

Da zarar ka ce ango da amarya, mai sauraro zai ɗauka 'ya'yan da bishiyar za ta haifa gaurayen su biyu ne, rabi nan rabi can. Ba haka abin yake ba. Reshen irin fiyar nan da ake kira Hass da aka aura a kan kowane tsiro, Hass zai haifa, da ɓawonsa mai kaushi da ke yin baƙi idan ya nuna. Na ƙasa ba ya sa masa kama. Wannan kuskuren fahimta ya riga ya yi yawa, bai kamata mu ƙara masa ƙarfi da bakinmu ba.

Na biyu, namiji da mace muna bukatarsu a wani wurin dabam, wato a fure. Furen fiya abin mamaki ne: fure ɗaya yakan buɗe sau biyu, karon farko a matsayin mace, ya rufe, washegari ya sake buɗewa a matsayin namiji. Irin da ake kira rukunin A, kamar Hass da Reed da Lula, mace ne da safe, sai washegari da yamma ya zama namiji. Rukunin B, kamar Fuerte da Pollock da Ettinger, mace ne da yamma, namiji washegari da safe. Shi ya sa ake cakuɗa rukunan biyu a gona, ƙudan zuma su yi jigila tsakaninsu. To idan mun riga mun kashe ango da amarya a kan aure, da wane baki za mu yi bayanin wannan ba tare da mun rikita mutane ba?

5/ Sai kiran na ƙasa gindi. A ma'ana ya dace ƙwarai, kuma gindin bishiya magana ce ta yau da kullum. Amma ku haɗa shi da kalmar aure ku faɗa a gaban ɗalibai ko a gidan rediyo. Kalmar da malami zai ji nauyin furtawa a gaban iyayensa ba za ta rayu ba.

6/ Kalmar saiwa ta gaza, domin abin da ake magana a kai ya haɗa da guntun kara mai tsawon kamar taƙi ɗaya a saman ƙasa, kuma a wannan karan ne ake samun matsala. Tushe ya fi kusa, sai dai yana jan hankali zuwa asali, kamar a ce daga nan irin ya fito, alhali asalin irin yana sama. Dashe kuwa yana da aikinsa: cire tsiro daga leda a kai shi rami. Kada mu ɗora masa kaya biyu.

7/ Ga abin da na kawo. Na ƙasa mu kira shi uwar goyo. Na sama ɗan goyo. Bishiyar da aka yanko reshen daga jikinta kuma uwar iri.

Uwar goyo ba ita ta haifi ɗan ba. Tana ɗauke da shi, tana ciyar da shi, lafiyarta tana nunawa a jikinsa, ƙarfinta ko rauninta yana shafar girmansa, amma kamarsa ta wadda ta haife shi ce. Abin da masana ke faɗa kan waɗannan ɓangarori biyu ke nan, babu ragi babu ƙari. Saiwa ce ke jan ruwa da abinci, ita ke fama da gishirin ƙasa da cutar ƙasa, ita ke sa bishiya ta yi ƙarfi ko ta tsumbure, har yawan 'ya'yan tana da hannu a ciki. Amma siffar ɗan fiya da ɗanɗanonsa da lokacin nunarsa, daga uwar iri suke.

8/ Ku gwada kalmomin a kan labarin Hass kansa ku gani ko sun ɗauka. Rudolph Hass mai raba wasiƙu ne a Kalifoniya ta Amurka. A 1926 ya shuka tsiron fiya a La Habra Heights da niyyar ya zama uwar goyo, ya aura masa reshen Fuerte, wanda shi ne irin da ake yayi a lokacin. Auren ya ƙi kamawa. Da aka bar tsiron ya yi nasa 'ya'yan, sai aka tarar sun fi abin da ake nema. A 1935 ya karɓi takardar mallakar irin. Wadda aka shuka don goyo ta koma uwar iri, kuma duk wata Hass da ke duniya yau, daga Michoacán ta Meziko har Murang'a ta Kenya, daga rassan wannan bishiya guda ta samo asali, reshe bayan reshe. Ita kanta ta mutu a 2002, ruɓewar saiwa ce ta kashe ta.

Kun ga an faɗi labarin duka da Hausa, ba a yi nuni da yatsa ba.

9/ Ruɓewar saiwar nan ita ce babbar abokiyar gabar fiya a ko'ina, balle inda damina ke da ƙarfi. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Phytophthora cinnamomi, wadda aka fara bayyanawa a 1922 a jikin itatuwan kirfa a tsibirin Sumatra. A cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa take yawo. Saiwar fiya kuwa ba ta nitsewa can ciki, yawancin ƙananan saiwoyin da ke ci suna nan kusa da sama, kuma ba sa jure rashin iska. Kwana biyu ko uku cikin ruwa kwance sun isa su illata bishiya. Don haka ake dasa ta a kan tudun ƙasa da aka tara, a lulluɓe kewayenta da busasshen ganye ba tare da ya taɓa karan ba.

Saboda wannan cuta ne masu bincike suka ɓata shekaru suna zaɓen iri, ba don 'ya'yansa ba, sai don juriyar saiwarsa kawai. Duke 7 daga Kalifoniya da Dusa daga Afirka ta Kudu, babu mai shuka su don ya ci. Aikinsu goyo. Ta yaya za ka fahimtar da manomi cewa akwai irin fiya mai daraja wanda ba a cin ɗansa, in ba ka da wannan kalma?

10/ Haka batun zafi da gishiri. Fiya jinsi uku ce: ta Meziko mai jure sanyi, ta Gwatemala ta kan tsaunuka, da ta gangare mai zafi wadda littattafai ke kira ta Wes Indiya. Ta ukun ita ce ta ƙasa mai zafi da laima, kuma ta fi sauran jure gishiri a ruwan ban-ruwa. A Fulorida ƙwallon Waldin da na Lula ake yawan shukawa don goyo. Mai gona a gangare mai zafi ya kamata ya yi wa mai sayar da dashe tambaya biyu: wane iri ne ɗan goyon, wace ce uwar goyon? Yawancin masu saye ta farko kaɗai suke yi. Ita Hass da kowa ke kira, a tudu mai sanyi-sanyi ta fi jin daɗi. Inda zafi ya yi tsanani irin su Pollock da Choquette sun fi ta dacewa.

11/ Na ga gyaran da wani dattijo ya yi a sharhi ƙarƙashin wannan rubutu, cewa masara ma goyo take yi, kada a rikice. Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyaran, amma ni gani nake wannan taimako ne. Kunnen manomi ya riga ya saba jin goyo a jikin shuka, wato wani abu da kara ke ɗauke da shi. Kuma ba a auren masara, ba za a taɓa haɗa su a zance ɗaya ba.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce aure da goyo ba su tafi tare ba, a canza ɗaya. Yaya, gaskiyarki ta fuskar tsari. Sai dai aure ya riga ya zauna, masu aikin da hannunsu suka raɗa shi, ba mu da hurumin tuge shi daga kan allo. Abin da babu shi muke cikewa.

12/ Inda kalmomin za su fi amfani shi ne a gargaɗi. Wurin da aka ɗaure, inda tabo ke fitowa daga baya, mu ce gaɓar aure. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure na uwar goyo ne, a cire shi tun yana ɗanye. Idan aka bar shi yakan fi ɗan goyo saurin girma, ya shanye abincin, ya rufe shi da inuwa, bayan shekaru mai gona ya tarar yana renon bishiyar da bai saya ba. Wajen dashe kada a binne gaɓar aure, ta zauna sama da ƙasa sosai. A shafa wa karan farin fenti mai ruwa ko farar ƙasa, domin ɓawon ƙaramar fiya rana tana ƙona shi. Kuma a san lafiyar uwar iri kafin a yanki reshenta, don akwai cutar da ke sa tabon rawaya a jikin 'ya'yan, tana bin reshe, tana bin ƙwallo, kuma bishiya tana iya ɗauke da ita ba tare da ta nuna alama ba.

13/ Saura guda da ban tsayar ba. Tsakanin ɓawo da itace akwai wani siririn shimfiɗi mai ɗanshi, kore-kore, wanda Turawa ke kira "cambium". Shi ne ke haɗewa. Idan na uwar goyo da na ɗan goyo ba su haɗu ba, ko da a gefe ɗaya ne, auren ba zai kama ba komai kyan ɗaurin. Ina cewa "koren ciki" a yanzu, amma bai gamsar da ni ba, don a wasu rassan ya fi kusa da fari. Masu wuƙa a hannu, ku da kuke yin wannan aiki kullum, me kuke ce wa yaranku idan kuna nuna musu inda za su daidaita?